Golan da Na Soke Sunansa da Biro

Wata rana, a gindin darbejiyar da ke bakin filin firamaren unguwarmu a Azare, na zaro biro na ja layi a kan sunan wani yaro.

Layi ɗaya ne tak.

Amma da an bar ni da layin nan, da yanzu yaron ya daina buga ƙwallo.

Bari in koma baya kaɗan, kar in rikita ku.

Waɗanda suka daɗe a shafin nan sun san ni malamin makaranta ne. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, ni ne sakataren wata 'yar ƙungiyar ƙwallon yara ta unguwarmu. Ba don na iya ƙwallo aka ba ni ba. An ba ni ne don rubutuna yana karantuwa, kuma ina da jakar da takarda ba ta yamutsewa a ciki.

Kocinmu sunansa Tanimu. Tsohon ɗan wasa ne, ciwon gwiwa ya ajiye shi. Mutum ne mai sanyin hali, irin sanyin da har haushi yake ba ni.

Ni kuwa, Allah Ya shirye ni, in abu bai gyaru yau ba, gobe na gaji da shi.

Wata uku kafin ranar biron nan, wani mai gyaran babur da ake kira Kawu Manu ya kawo mana ɗan ƙanwarsa. Sunan yaron Haladu. Shekararsa goma sha huɗu, dogo, siriri, daga wani ƙauye a bakin fadama can wajen Gamawa. Karatun sakandare ya kawo shi gari.

Da zuwansu yaron ya durƙusa har ƙasa ya gaishe mu.

Yaran gari suka fara ƙunshe dariya suna zungurar juna.

Kawu Manu bai ɓoye komai ba. A gaban yaron ya ce, "Koci, ga shi nan. Ya ishe ni da maganar shi gola ne. Na ba shi daga yau zuwa gasar ƙaramar hukuma. In kun saka sunansa, shi ke nan, ya ci gaba. In ba ku saka ba, yammarsa ta gareji ce, maganar ƙwallo ta ƙare."

Koci ya ce, "Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri."

Aka sa yaro a raga.

Jama'a, ban taɓa ganin hannu irin wannan a wurin ɗan shekara goma sha huɗu ba. Manyan yaranmu suka yi ta narka masa ƙwallo. Ba ya dukanta, ba ya tunkuɗe ta. Karɓarta yake yi, ya bi ta a hankali zuwa ƙirji, ko ƙara ba ka ji.

Koci ya tambaye shi wa ya koya masa.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Lodin kankana ne, Koci."

Ashe a garinsu in mota ta zo ɗaukar kankana, layi ake yi daga gona zuwa bayan mota, ana jefa wa juna. Tun yana ɗan shekara tara yake shiga layin. Wanda ya saki ɗaya ta fashe, ranar sai ya sha faɗa da tsiya har gida.

Na koma gida ina murna. Na ce wa maiɗakina mun tsinci gola a sama.

Murnar ba ta yi sati biyu ba.

Ga waɗanda ba su damu da ƙwallo ba, bari in yi bayani a taƙaice. Gola shi kaɗai ne yake kallon filin gaba ɗaya. 'Yan bayansa sun ba shi baya, ba sa ganinsa. In aka ɗago ƙwallo sama ta nufo raga, shi zai buɗe baki ya ce wa ɗan baya ya bari, ko ya ce masa ya cire. In bai yi magana ba, mutum biyu za su tashi wa ƙwallo ɗaya.

Dokar Koci Tanimu a kan wannan a bayyane take. Kullum sai ya maimaita: "Kira suna. Kar ka ce kai, kar ka ce ku. Kira sunan mutum ya san da shi kake."

Haladu ba ya kira.

Babban ɗan bayanmu, wanda ke tsaye a gabansa kai tsaye, wani ƙaƙƙarfan yaro ne mai suna Zubairu. Shekara goma sha shida, ga ƙirji, ga saurin fushi. Duk wasa sai sun yi karo. Wani lokacin kuma kowa ya bar wa ɗan'uwansa, ƙwallo ta wuce tsakaninsu salin-alin.

Na kira Haladu gefe ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

"Me ya sa ba ka magana?"

"Ba komai, Malam."

"Tsoro kake ji?"

"A'a, Malam."

"To mene ne?"

"Ba komai, Malam."

Wannan "ba komai" ɗin, in na ji ta, har kaina sai ya sara.

'Yan kallo suka raɗa masa suna Malam Shiru. Sunan ya bi shi har bakin famfo.

Abin ya kai maƙura ranar wani wasan sada zumunta. Aka bugo kwana, wato bugun kusurwa, Haladu ya fito kamar kullum bakinsa a rufe, Zubairu ma ya tashi. Gwiwar hannun Haladu ta sauka a bakin Zubairu. Leɓe ya fashe, jini ya ɓata riga, ƙwallo ta gangara raga a hankali kowa yana kallo.

Zubairu ya miƙe yana huci, sai da aka riƙe shi.

Haladu ya tsaya kansa a ƙasa yana cewa, "Yi haƙuri, Yaya. Yi haƙuri, Yaya."

Da aka watse na tare Koci.

Na ce, "Koci, mu daina yaudarar kanmu. Yaron nan ba shi da zuciyar wasa. Hannu kaɗai ba ya tsare gida."

Ya ce, "Sakatare, ka lura yana yi wa na gefen hagu magana? A hankali dai, amma yana yi."

"To sai me?"

"Akwai abin da ba mu gane ba tukuna."

Na ce, "Wata uku ke nan muna cikin tukuna."

Ya yi murmushi ya ci gaba da tattara ƙwallaye a buhu.

Gasar ta matso. Sunaye goma sha takwas aka ce mu kai ranar Alhamis, gola biyu a ciki. Mu kuwa gola uku muke da su. Ranar Litinin na zauna a gindin darbejiyar nan da jerin sunaye a cinyata, na ja layin da na ba ku labari.

Har ga Allah ban ji na yi laifi ba. Gani nake ina kare ƙungiya.

Masu shirya gasar sun aiko da fom, kowane yaro da nasa. Ranar Laraba bayan la'asar na tara yara don cikewa. Na ware fom ɗin Haladu gefe, tunda a wurina zancensa ya ƙare.

Koci ya gani, ya ce, "Cike masa shi ma."

Na ce, "Don me? Ɓata takarda ne."

Ya ce, "Takarda ce kawai. In gobe ba mu saka shi ba, sai ka yaga."

Na cike wa kowa. Yaran gari suna zuwa suna zubo bayani kamar karatun hadda: suna, sunan mahaifi, unguwa, shekaru. Haladu ne ya zo ƙarshe. Ya durƙusa a gabana.

"Suna?"

"Haladu."

"Sunan mahaifi?"

Shiru.

Na ɗago kai. "Da kai nake. Sunan mahaifinka."

Ya ce, "Malam, ara mini biron in rubuta."

Raina ya ɓaci. "Nan ma ba za ka yi magana ba? Bakinka ciwo yake yi?"

Ya ce, "A'a, Malam. A gidanmu ba a faɗa."

Na miƙa masa biron, irin miƙawar da ake yi don a rabu da mutum. Ya dafa takardar a gwiwarsa ya rubuta a hankali, ya dawo mini da ita da hannu biyu.

Zubairu.

Na kalli takardar.

Na kalli fili. Ga Zubairu can yana ɗaure igiyar takalmi, leɓensa bai gama warkewa ba.

Na sake kallon takardar.

Na ce, "Haladu, shi ya sa ba ka kiransa?"

Ya ce, "Sunan Babana ne, Malam. Kuma ya girme ni. Ta yaya zan daka masa tsawa da sunan Babana a gaban jama'a?"



Kunya ce ta rufe ni, tun daga kai har ƙafa.

Da na lallaɓa shi, sai magana ta fara fitowa. Ya ce duk sanda ƙwallo ta taso yana buɗe baki, sunan ya zo masa har maƙogwaro ya tsaya. Kafin ya nemo wata kalmar, ƙwallo ta iso. Ya gwada cewa Yaya, amma duk 'yan bayan nan huɗu yayyensa ne ban da na gefen hagu, kuma muryar da yake faɗa da ita ko shi da ƙyar yake ji. A gidansu ƙarami ba ya ɗaga murya a kan babba. A garinsu kuma da sa'o'insa da ƙannensa yake wasa, tsakanin duwatsu biyu, ba wanda ya taɓa cewa sai ya kira suna.

Na ce, "Me ya hana ka faɗa mana tuntuni?"

Ya ce, "Ranar da na zo, gaisuwa kawai na yi suka yi dariya. Na ce in na faɗi wannan, ban san irin wadda za su yi ba."

Na tashi na kai wa Koci takardar.

Ya karanta. Na shirya jin "ai na faɗa maka". Bai faɗa ba. Cewa ya yi, "Dokata ce ta ɗaure shi. Kullum ina cewa kira suna, kira suna, ban taɓa tambayar ko akwai sunan da ba zai iya kira ba."

Ya yafito Zubairu, mu huɗu muka koma bayan raga inda sauran yara ba za su ji ba. Koci ya yi masa bayani.

Zubairu ya juyo. Ya kalli Haladu, ya shafa leɓensa.

Ya ce, "Yanzu Koci, duk fashin bakin nan da na sha, ashe girmama ni ake yi?"

Dariya ta ƙwace mini. Koci ma sai da ya juya baya.

Zubairu ya dafa kafaɗar yaron ya ce, "To ai da sauƙi. Ni mai sunan Baba ne, ko? Ka kira ni haka."

Koci ya ce, "Ya yi tsawo. Kafin ya gama faɗa an ci mu."

"To ya ce Baba kawai. Na karɓa."

Haladu ya yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoransa a filin nan. Amma ya ce, "Koci, tsawar fa?"

Koci ya tsuguna daidai da shi.

"Haladu, in kuna gona, ka hango maciji a bayan mahaifinka, shi bai gani ba. Raɗa za ka yi masa?"

"A'a, Koci. Ihu zan yi."

"Rashin kunya ne?"

"A'a."

"To Zubairu ba ya ganin bayansa. Kai ne idonsa."

Kar ku ɗauka nan take komai ya gyaru. Bai gyaru ba.

A yammar nan Koci ya tsayar da Zubairu a tsakiyar fili ya juya baya, ya ce kar ya waiwayo sai ya ji an kira shi. Haladu yana raga. "Baba" ta farko da ya faɗa, ko kazar da ke kiwo a bayan raga ba ta matsa ba. Ta biyu ma haka. Sai a ta tara Zubairu ya waiwayo, kuma ina zargin tausayi ne ya waiwayo da shi.

Washegari Alhamis, ranar kai sunaye. Muryar ba ta zo ba tukuna.

Na zo fili da tsohuwar takardata mai layi a kai. Ban san yadda zan fara ba. Koci ya sauƙaƙa mini, ya ce, "Sakatare, sake rubutawa. Sa shi gola na biyu."

Ban taɓa jin daɗin sake rubuta takarda kamar ranar ba.

Daga ofishin masu gasa na wuce garejin Kawu Manu da kaina. Na same shi a ƙarƙashin rumfa yana kwance tayar wani babur. Na gaya masa an saka sunan Haladu, na kuma ba shi labarin fom.

Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Ai Malam, da ni kuka tambaya da na faɗa muku tun ranar farko. Gidan nan haka suke. Ƙanwata shekararta ashirin a can, ban taɓa jin sunan mijinta a bakinta ba."

Da ni kuka tambaya.

Garejin nan tafiyar minti biyar ne daga filinmu. Wata uku ban taka ba.

Gasa ta fara. Wasan farko Haladu yana benci. Na biyu ma yana benci. A atisaye har lokacin yakan makara, wani sa'in ya kira bayan ƙwallo ta wuce. Da a da ne da na fara tsaki. Wannan karon sai na kama bakina, na zuba ido.

Sauran yaran kuwa, da suka ji gola yana ce wa Zubairu Baba, sun yi dariyar kwana biyu. Zubairu ya zare musu ido sau ɗaya, dariyar ta mutu. Ba a yi sati ba su ma suka koma kiransa Baba.

Ranar wasa na uku golanmu na farko ya tashi da zazzaɓi.

Koci ya miƙa wa Haladu safar hannu.

Ni da nake gefe, abu ɗaya nake tunani. In yaron nan ya sake karo da Zubairu a gaban wannan taron, ba na jin zai ƙara yarda ya tsaya a raga, ko da Kawunsa ya bar shi.

Muna gaba da ci ɗaya. Saura 'yan mintoci a tashi, aka ba abokan karawarmu kwana. Suka cika gaban ragarmu, har ɗan bayansu ya taho. Aka ɗago ƙwallo, ta yi sama ta lanƙwaso, daidai kan Zubairu. Na ga ya dage zai tashi. Na ga Haladu ya baro layi.

Na rufe ido ɗaya.

Sai na ji murya ta tsaga filin.

"Baba, bari!"

Zubairu ya duƙe nan take.

Haladu ya tashi ya karɓe ta a sama, ya bi ta a hankali zuwa ƙirji, ya faɗi a kanta. Ko ƙara ba ta yi ba.

Ban san sanda na zauna a ƙasa ba.  Wata irin ajiyar zuciya na yi, wadda na ji kamar tun ranar Litinin ɗin nan take maƙale a ƙirjina.

Koci Tanimu bai yi tsalle ba, bai yi ihu ba. Ya waiwayo ya ce mini, "Ka ji ko?"

Na ce, "Har 'yan Gamawa sun ji."

Ba mu ci kofin ba, kar ku ce na ƙara gishiri. A zagaye na gaba aka fitar da mu, ci biyu da nema, kuma ɗaya daga ciki kuskuren Haladu ne. Amma har yau yana tare da mu. Kawu Manu ya cika alkawari, yamma ta fili ce. Yanzu matsalarmu da shi ita ce surutunsa ya fara yawa, har alƙalin wasa ya taɓa yi masa kashedi.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya sa na zauna rubuta wannan.

Ranar wasa na ukun nan da na koma gida, ɗana na fari ya taro ni a ƙofa ya karɓi jakata. Shekararsa tara. Na ce, "Abba, kawo mini ruwa."

Sai na tsaya cak a zaure.

Sunan mahaifina yaron nan ya ci. Shi ya sa muke ce masa Abba. Shekara tara ina zaune da shi gida ɗaya, ban taɓa kiransa da sunansa na yanka ba, ko sau ɗaya. In an tambaye ni a asibiti, ni ma biro nake karɓa.

Abin da nake yi kullum a gidana ina kiransa tarbiyya, shi na gani a wurin yaron mutane na kira shi rashin zuciya.

Takardar nan mai layi tana cikin jakata har yanzu. Na ƙi yaga ta.

Darasi:

Kowane yaro da ya shigo fili, da gidansu ya shigo. Gidan da ya ba Haladu hannun nan, shi ne ya rufe masa baki, kuma ba za ka karɓi ɗaya ka kore shi saboda ɗayan ba. Kafin ka ce yaro ba shi da zuciya, ko ba shi da kai, ko ba zai iya ba, ka tambaya daga ina ya fito. In bai iya faɗa ba, ka tambayi wanda ya kawo shi. In an ba ka amsa, ka ba shi lokaci, don abin da aka shekara goma sha huɗu ana koya masa ba zai sauya a yamma ɗaya ba.

Ni na yi sa'a, akwai mai haƙuri a kusa da ni ranar da na zaro biro.

In ka san wani koci, ko malami, ko uba da biro ke hannunsa a wannan makon, tura masa wannan kafin ya ja layin.